Allurar Sin Ba Tare da Allura Ba: Haske Zai Iya Aikin Tsini?

A shekarar 1998 wasu likitocin sa barci na Jami'ar Innsbruck, a ƙasar Ostiriya, suka fitar da sakamakon wani ɗan gwaji da suka yi a kan yara 40. Dukkan yaran tiyatar ido ce ta kawo su, irin wadda ake yi domin daidaita idon mai harara-garke. Tiyata ce da ba ta cika zuwa da haɗari ba, sai dai tana da wani hali da ya daɗe yana damun likitoci da iyaye: da zarar yaro ya farfaɗo daga maganin barci sai amai ya taso, wani ya yi ta yi har dare.

Sai aka raba yaran gida biyu. Kowane yaro an ɗora masa bakin wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami a cikin wuyan hannu, hagu da dama, na daƙiƙa 30, sau ɗaya kafin a shiga da shi, sau ɗaya bayan an fito. A gida na farko na'urar tana fitar da jan hasken leza mai rauni, wanda ba ya ƙuna, ba ya zafi, ba ma a jin saukarsa. A gida na biyu kuwa ɗora ta kawai aka yi, ba a kunna ba. Da aka zo lissafi, cikin yara 20 da aka haska 5 ne suka yi amai. Cikin 20 da ba a haska ba, 17.

Ba da ka aka zaɓi wurin da aka ɗora na'urar ba. Mai karatu na iya lalubo shi a jikinsa yanzu. Juyo tafin hannunka sama, ka jera yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Inda yatsa na ukun ya ƙare, tsakanin jijiyoyin nan biyu da ke miƙewa idan ka dunƙule hannu, to nan ne. Sinawa na kiran gurbin Neiguan, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan masu maganin gargajiyarsu na soka siririyar allura a wurin domin kwantar da tashin zuciya. Likitocin Innsbruck allurar suka ajiye, suka sa haske a madadinta.

Wannan ita ce allurar Sin ta leza, kodayake babu allura ko ɗaya a cikinta. A yau ana yin ta a ɗakunan likitoci a Jamus da Ostiriya da Ostireliya da Sin da Barazil da Masar. Masu yin ta na kwaɗaita ta ga mai tsoron allura, da jariri, da tsoho mai lallausar fata, da mai shan maganin tsinka jini wanda ɗan tsini kaɗan ke sa jini ya taru masa a ƙarƙashin fata. Likitocin dabbobi ma ba a bar su a baya ba, suna yi wa dawakin sukuwa da karnuka. Ko tana aiki kuwa? Amsar ta fi alƙaluman Innsbruck sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.

Tsohon ango, sabuwar amarya

Auren haɗi aka yi tsakanin abubuwa biyu da ba su san juna ba, ɗaya ya girmi ɗaya da shekara dubu biyu.

Angon shi ne maganin allura na Sinawa. Tushensa a rubuce yana cikin wani tsohon littafin likitanci mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara tun kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Bisa fahimtarsu, akwai wani ƙarfin rai da suke kira qi, yana gudana a jiki ta wasu manyan magudanai 12, kuma ciwo na zuwa ne idan gudun ya toshe ko ya karkace. A kan magudanan akwai gurabe da ake taɓawa domin gyara gudun. A 1027, zamanin daular Song, wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla, aka huda gurabe a jikinsa domin koyar da ɗalibai. An ce ranar jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma, a cika cikinsa da ruwa, a ce wa ɗalibi ya soka gurbi kaza. In ya dace ruwa ya ɗigo, in ya kuskure allurarsa ta ci karo da tagulla. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin inda gurabe 361 suke, domin a daina saɓani tsakanin Sin da Japan da Koriya. Daidaita taswira ke nan, ba shaidar cewa magudanan suna nan ba. Har yau babu masanin sassan jiki da ya feɗe gawa ya nuna su, yadda ake nuna jijiyar jini.

Wani abin lura shi ne, tun asali ba allura kaɗai ake taɓa guraben da ita ba. Ana danna su da yatsa. Ana gasa su da wutar wani ganye dangin tazargade. Ana kafa musu ƙaho, kusan irin wanda wanzamanmu ke yi. A Japan akwai salon yara da ake kira shonishin, inda ake goga fata da ɗan ƙarfe ba tare da hudawa ba. Saboda haka da haske ya zo, bai zama baƙo can ba a wurin masu sana'ar. Yammacin duniya kuwa ya waiwayi abin sosai ne daga 1971, lokacin da James Reston na jaridar New York Times ya kwanta tiyatar afendis a Beijing, aka yi masa allura domin ciwon da ya biyo bayan aikin, ya kuma ba da labari a jaridarsa.

Amaryar kuwa a 1960 aka haife ta, lokacin da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes a Kalifoniya. Shekara bakwai bayan haka wani likitan tiyata a Budapest ta ƙasar Hangari, Endre Mester, ya so ya maimaita wani gwajin Amurka na kashe ƙarin daji da leza. Ya aske bayan ɓeraye ya yi ta haska su. Ashe na'urarsa ba ta kai ƙarfin ta Amurkawan ba ko kusa. Bai kashe daji ba, amma ya lura gashin ɓerayen da aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya koma gwada hasken a kan gyambon da ya ƙi warkewa a jikin mutane. Wannan tuntuɓen ne mafarin duk abin da ake kira jinya da leza mai rauni.

A cikin shekarun 1970 aka ɗaura auren, kuma a wurare da dama kusan lokaci guda. A Alma-Ata ta Kazakistan, zamanin Tarayyar Sobiyet, Viktor Inyushin da abokan aikinsa suna haska gurabe da jan haske. A Kanada wani likita mai suna Friedrich Plog yana nasa. A Jamus kamfanin Messerschmitt-Bölkow-Blohm, wanda aka fi sani da ƙera jiragen sama, ya fitar da na'ura domin wannan aiki. A Sin ma likitoci sun gwada ta, har da wajen cire haƙori.

Yadda zaman yake

Babu wani abin kallo a zaman jinyar. Majinyaci ya kwanta, a ba shi tabarau na musamman, mai maganin ma ya sa nasa. A goge fata, a dafa bakin na'urar a kan gurbin da aka zaɓa, a danna maɓalli. Bayan daƙiƙa 20 ko 30, ko minti guda, na'urar ta yi ɗan ƙara, a matsa gurbi na gaba. Wasu a kunne kaɗai suke aiki, bisa taswirar da Paul Nogier, wani likita a Lyon ta Faransa, ya zana a shekarun 1950, inda ya ce kunne hoton jariri ne a cikin mahaifa kai a ƙasa, kowace gaɓa da gurbinta. A farkon shekarun 2000 kuma aka ɓullo da wani salo a Jamus, inda ake manna bakin zaruruwan haske da dama a fata lokaci guda, mutum ya kwanta da su na wajen minti 20.

Hasken iri biyu ne galibi. Akwai ja, mai tsawon zango wajen nanomita 630 zuwa 680, wanda ido ke gani. Akwai kuma wanda ya zarce ja, wajen 780 zuwa 904, wanda ido ba ya gani sam. Dalilin zaɓen waɗannan kowa na iya gwada shi a gida: kunna fitilar wayarka cikin duhu ka rufe ta da yatsa. Fari ne ya shiga, amma ja ne zai fito, domin jini da fata sun shanye sauran launukan, jan ne ya fi iya ratsawa. Ƙarfin na'urorin kan kama daga miliwat 5 zuwa 500, wato bai wuce rabin wat ɗaya ba. Lezar da likitan tiyata ke yanka nama da ita ta ninka wannan sau da yawa.

A nan ne tsofaffin masu allura suka fara tura baki. A wajensu allura ba ta yi aiki ba sai majinyaci ya ji wani nauyi ko tsami ko ɗan zugi a gurbin, abin da suke kira deqi, alamar cewa an kama qi. Leza ba ta kawo wannan. Ƙari a kan haka, akwai gurabe a ɗuwawu da cinya da allura ke nutsawa santimita da dama kafin ta kai, alhali mafi yawan jan haske ya watse tun a milimitocin farko na fata. Ka ga ke nan tun kafin likitocin zamani su ce uffan, 'yan gida ma ba su gama yarda ba.

Abin da ya sa masu bincike suka ƙaunace ta

Idan ana so a san ko sabon magani na aiki, akan ba wasu na gaske, a ba wasu ƙwayar bogi mai kama da shi, ba tare da majinyaci ko likita ya san wanda ya sami wanne ba. Dalili kuwa shi ne ɗan Adam kan ji sauƙi don kawai an kula da shi, an saurare shi, ya kuma sa rai. Yawancin ciwon baya da na gwiwa ma tashi suke su lafa da kansu, kuma mutum kan je neman magani ne ranar da abin ya fi tsanani, ta yadda ko me aka yi masa, kwanakin da za su biyo baya za su fi sauƙi.

To yaya za a yi allurar bogi? A 1998 Konrad Streitberger a Heidelberg ya ƙirƙiro wata mai dakusasshen baki, wadda ke komawa cikin mariƙinta maimakon ta huda fata. Majinyaci kan ruɗu, amma mai sokawa ya sani. Jamusawa sun bi wata hanyar a wani babban gwaji da aka wallafa a 2007, kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Wasu aka yi musu allura bisa ƙa'idar Sin, wasu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, wasu aka bar su da jinyar asibiti da aka saba. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na rukunin farko sun sami sauƙi, na biyu 44.2, na uku 27.4. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Magoya baya suka ce allura ta doke maganin asibiti. Masu shakka suka ce ai ga shi nan, ko ina ka soka duk ɗaya ne, ina amfanin taswirar?

Leza ta zo da mafita. Tunda hasken da ya zarce ja ba a ganinsa, ba a jinsa, ana iya shirya na'ura ta riƙa ƙara tana kunna 'yar fitila ko tana aiki ko ba ta yi, a ɓoye sirrin a cikin lambar da aka ba kowane majinyaci. Likita bai sani ba, majinyaci bai sani ba. Irin gwajin da allurar ƙarfe ba ta taɓa bari a yi mata cikin sauƙi ba ke nan.

Mafi shahara cikin irin waɗannan shi ne na Jami'ar Melbourne a Ostireliya, ƙarƙashin Rana Hinman, wanda mujallar JAMA ta buga a 2014. Mutum 282 ne, 'yan shekara 50 zuwa sama, masu daɗaɗɗen ciwon gwiwa. Aka raba su huɗu: allurar ƙarfe, leza ta gaske, leza ta bogi, da waɗanda ba a yi wa komai ba. Likitocin da suka yi aikin ƙwararru ne a allurar Sin, kuma an ɗauki mako 12 ana yi. Waɗanda aka yi wa allura ko leza sun ɗan fi waɗanda aka bari haka samun sauƙi, da kimanin maki ɗaya a ma'aunin ciwo mai maki goma. Amma da aka gwada su da masu lezar bogi, babu wani bambancin a zo a gani. Bayan shekara guda kuma ɗan sauƙin ma ya gushe.

A Perth, can yammacin ƙasar, wani likita mai suna Gregory Glazov, wanda shi kansa mai yin allurar ne, ya gwada ta a kan ciwon baya har sau biyu. A na biyun, mai mutum 144, an ba wasu ƙaramin awo, wasu babba, wasu kuma na'urar ba ta fitar musu da komai ba. Duka rukunan uku sun ce sun ji sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. Ya cancanci yabo da ya wallafa abin da bai yi wa sana'arsa daɗi ba.

Rigimar awo

Magoya baya ba su yi shiru ba. Suka ce hasken da aka ba mutanen Melbourne ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ƙorafin ba na banza ba ne. Lissafin mai sauƙi ne. Na'ura mai miliwat 10 idan ta yi daƙiƙa 20 a gurbi, ta zuba jul 0.2 ke nan (jul shi ne ma'aunin yawan hasken da aka zuba), kuma abin da aka bayar a Melbourne ke nan. Kafin na'urar nan ta zuba jul 3 sai ta yi minti biyar cur a gurbi ɗaya. A 2016 Glazov da abokansa suka tattara gwaje-gwajen leza kan ciwon baya, suka ga inda aka sami ɗan amfani na gajeren lokaci shi ne inda aka ba da jul 3 ko fiye a kowane wuri.

Sai dai akwai abubuwa biyu da masu wannan ƙorafi ba su cika son a ambata ba. Na farko, na'urar Innsbruck da ake alfahari da ita ma miliwat 10 ce, daƙiƙa 30, wato jul 0.3. Ana iya cewa fatar wuyan hannun yaro ba gwiwar dattijo ba ce, kuma gaskiya ne. Amma bai kamata awo ya zama ya isa duk ranar da sakamako ya yi kyau, ya kuma zama ya yi kaɗan duk ranar da ya ɓaci ba. Na biyu, a cikin wannan tattarawar ta 2016, amfanin ya fi fitowa ne a gwaje-gwajen da aka haska wurin da ke ciwo kai tsaye, ba waɗanda aka bi guraben Sin ba.

Wannan na biyun shi ne zuciyar maganar a ganina. Da'awa biyu ake sayar wa mutane a ƙunshi ɗaya. Ɗaya ita ce haske mai rauni na iya canza wani abu a naman jiki. Ɗayar ita ce akwai gurabe na musamman da idan an taɓa su a hannu ko a kunne za a gyara wata gaɓa da ke nesa. Ta farkon tana da ƙafar tsayawa. Tun shekarun 1980 wata masaniya mai suna Tiina Karu, da ke aiki a Rasha, ta kawo bayanin cewa wani sinadari a cikin maitokondiriya, wato ɓangaren ƙwayar halitta da ke samar mata da ƙarfi, yana shan jan haske, kuma hakan na iya ƙara kuzarin ƙwayar ya rage kumburi. Har yanzu ana muhawara kan cikakken yadda abin ke faruwa, amma a wani fanni guda ya riga ya shiga asibiti: masu ciwon daji da ake yi wa gashi a kai da wuya, ko ake ɗura wa magani mai ƙarfi, kan yi fama da mikin baki mai hana su ci da sha. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan kula da masu daji, MASCC, ta sa haskawa cikin shawarwarinta na rigakafin wannan miki a 2014, hukumar NICE ta Birtaniya ma ta amince a 2018. A 2009 kuma mujallar Lancet ta buga nazarin Roberta Chow na Sydney kan gwaje-gwaje 16 masu mutum 820, wanda ya nuna leza na rage ciwon wuya. A wajen mikin baki, bakin ake haskawa, ba wani gurbi a yatsan ƙafa ba. Nasarar hasken ba ta zama shaida ga taswirar ba, kodayake masu talla na son a ɗauka haka.

Wajen yara

Inda allurar leza ta fi samun labari mai daɗi shi ne wajen yara, kuma nan ne aka fi bukatarta, tunda babu uwar da ke son ganin an jera wa jaririnta allurai. A Homburg ta Jamus, Sven Gottschling ya gwada ta a kan yara 43 masu yawan ciwon kai, aka buga sakamakon a 2008. Bayan zama huɗu cikin mako huɗu, kwanakin ciwon kai a wata sun ragu da 6.4 ga waɗanda aka haska, da 1.0 ga masu na'urar bogi. A Graz ta Ostiriya, Wolfgang Raith ya gwada ta a kan jarirai 28 da aka haifa jikinsu ya saba da ƙwayoyin da iyayensu mata ke sha. Waɗanda aka haɗa wa leza sun bar maganin mofin da ake jinyarsu da shi cikin kimanin kwana 28, sauran sai 39. Amma a wannan gwajin babu na'urar bogi.

A duba yawan yaran da kyau: 40, 43, 28. Ƙaramin gwaji kan ba da sakamako mai ban mamaki ta hanyar sa'a kawai, kuma wanda bai ba da komai ba sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa, ba ya kaiwa ga mujalla. Gurbin Neiguan dai ya fi sauran samun goyon baya. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen likitanci, ta duba guda 59 a 2015 kan taɓa shi ta hanyoyi daban-daban, ta ce da alama yana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata, tare da gargaɗin cewa ingancin shaidar ba shi da ƙarfi. Kaɗan ne daga cikinsu aka yi da leza. Batun fitsarin kwance kuwa sakamakon ya rabu: a Turkiyya da Masar an ba da rahoton nasara, a Denmak ba a ga bambanci da bogi ba. Kuma wajen kashi 15 cikin ɗari na masu fitsarin kwance kan daina da kansu a kowace shekara, ko an yi magani ko ba a yi ba.

A wajen manya kuwa, daina shan taba shi ne inda kasuwa ta fi ci, shaida ta fi ƙaranci. A 2006 ƙungiyar kare masu saye ta Public Citizen ta kai ƙorafi ga hukumar abinci da magunguna ta Amurka kan kamfanonin da ke tallan leza a matsayin maganin taba ba da izini ba. Nazarin Cochrane na 2014 bai sami tsayayyar shaida cewa allura ko dannawa ko leza na sa mutum ya bar taba na wata shida ko fiye ba.

Baƙar fata da agogon jan haske

Allurar Sin ba baƙuwa ba ce a Afirka. Tun 1963 da Sin ta tura tawagar likitoci zuwa Aljeriya take aika irinsu ƙasashen nahiyar, Nijar ma tun 1976 take karɓa, kuma akan sami masu allura a cikin irin waɗannan tawagogi. Cire tsini daga aikin yana da fa'ida ta zahiri a inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa: abin da bai huda fata ba, ba zai ɗauko jinin wani ya kai wa wani ba, ba kuma zai huda huhu ba, wanda yakan faru jefi-jefi da allurar ƙarfe a hannun wanda bai ƙware ba.

Amma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sinadarin da ke sa fata baƙi yana shan haske, har da ja. Mafi yawan gwaje-gwajen da aka ambata a jikin Turawa aka yi su. Awon da aka tsara wa fatar mutumin Graz ba lallai ya kai zurfi ɗaya a fatar mutumin Gusau ko Maraɗi ba, kuma da na'ura mai ƙarfi fatar mai duhu ta fi saurin ɗaukar zafi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar jini, wadda ita ma da jan haske take aiki, ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙe kusan ninki uku a kan farare.

Haɗarin da kowa ya yarda da shi shi ne na ido. Leza mai ƙarfin da ya haura miliwat 5 na iya lalata bayan ido inda gani ke sauka, kuma wadda ba a gani ta fi muni, domin ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba. Tabarau na rana ba ya maganin wannan, sai wanda aka yi domin tsawon zangon na'urar. Ƙa'idar masu aikin kuma ita ce ba a haska kan ƙarin daji ko kan cikin mai juna biyu.

Abin da ya fi isowa kasuwanninmu da shafukan Facebook da WhatsApp ba ma wannan na asibiti ba ne. Agogo ne na ɗaurawa a wuyan hannu mai 'yan fitilu ja a ciki, wani da ɗan abin cusawa a hanci, ana cewa yana taɓa guraben Sin, yana wanke jini, yana maganin hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Babu wani babban gwaji mai inganci da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai saye zai ce jiki magayi, shi ya ji daɗin jikinsa. To hawan jini dai ba ya cikin abin da jiki ke gaya wa mai shi. Mutum na iya jin garau alhali awonsa na sama, sai ranar da ya faɗi.

Wanda ke da ciwon wuya ko na baya, likita ya riga ya duba shi ya tabbatar ba wata babbar cuta ba ce a ƙasa, kuma yana da halin biya, babu laifi ya gwada leza a hannun wanda ya san aikinta. Ya tambayi ƙarfin na'urar da yawan jul da za a ba kowane wuri, ya tambayi ko an yi la'akari da launin fatarsa, ya duba ko na'urar na da rajistar NAFDAC idan a Najeriya yake, ya kuma yanke wa kansa adadin zaman da zai yi kafin ya tsaya in bai ga canji ba. Mai maganin da ya kasa amsa waɗannan, ko ya ce ba sai an sa tabarau ba, a tashi a bar masa ɗakinsa. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga, don Allah kada ya ajiye shi saboda agogo mai jan haske. Ya ci gaba da shan maganinsa, ya riƙa zuwa ana auna shi.